Layin da Ta Soke

"Baba, wannan ai ka binne shi tun makon jiya!"

"Ni? Yarinya, yau da sassafe na binne shi. Ƙasar kabarinsa ma ba ta bushe ba."

Jan Biro ta matse wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta sake buga sunan a kwamfuta. Abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa: ya kamu, ya rasu ranar tara ga wata, an rufe fayil. Aikinta ne kullum da hantsi ta kira masu gadin maƙabartun birnin guda shida, su karanto mata sunayen waɗanda suka binne, ita kuma ta gwada da jerin waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar da ta zama annoba a garin. Wata huɗu ke nan tana yi, ba a taɓa kawo mata gawa ɗaya sau biyu ba.

"Sake karanto min sunan ubansa."

Ya karanto. Shi ne. Unguwa ma ita ce.

"Shekaru fa?"

"Hamsin suka ce."

"To ka gani, Baba. Shi ne dai. Duba littafinka da kyau, ƙila shafi ka tsallake."

Tsohon ya yi wata gajiyayyar dariya. "Na gane wanda kike nufi. Wancan tela ne, ɗan gajere, ramin yaro ma ya ishe shi. Na yau mai aski ne, dogo kamar turken lantarki, sai da muka ƙara wa kabarin taku biyu. Ni da hannuna na karɓi kowannensu. Ki bar ni in je, ga wata gawar sun shigo da ita."

Ya kashe wayar.

Ɗakin cike yake da hayaniya, mata huɗu a kan wayoyi suna ta maimaita magana ɗaya, fanka na kaɗa takardu. Ta tashi, ta nufi kwalayen da ke jibge a bayan ƙofa.

Waɗannan kwalaye su suka jawo mata sunan Jan Biro. Mutane kan yi gwaji a nan su sake yi a can, asibitoci kuma kan turo fom ɗaya sau biyu, har sau uku. In ba a tace ba, sai adadin masu cutar ya kumbura, gari ya firgita a banza. Ita ce mai tacewa. Ƙa'idar kuwa a rubuce take a bango: in suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, unguwa ɗaya, shekaru ɗaya, to mutum ɗaya ne. Sai ta ja jan layi a kan fom na biyu, ta jefa shi a kwali. Har kirari ake yi mata a ofishin, wai ko ƙuda ne ya shigo sau biyu sai ta gane shi.

Sai dai kowa a wurin ya san wani abu da ba a rubuta a bango ba. Duk dattijon da aka tambaya shekarunsa ya tsaya sosa ƙeya, masu cika fom hamsin suke rubuta masa. Rabin mazan birnin a takardunsu shekara hamsin gare su.

A kwali na uku ta samu fom ɗin mai wannan suna. Jan layinta ne, daga kusurwa zuwa kusurwa, da rubutun hannunta a sama: maimai. Kwana goma sha biyu ke nan. Hatimin ɗakin gwaji na nan ɓaro-ɓaro: yana ɗauke da cutar. Gurbin sana'a babu komai a ciki. Gurbin lambar waya kuwa a cike yake, kuma ba lambar telan ba ce.

Ta tuna ranar sarai. Fom ɗari huɗu da wani abu aka zube mata, ba ta ko karya ba har la'asar. Ta ga bambancin lambar da idonta. Ta ce a ranta, wa ke da layi ɗaya a zamanin nan? Ta ja biro.

Sai ta tuna ɗaya ƙa'idar, wadda ake ta nanatawa a rediyo safe da yamma. Ma'aikatan waya huɗu ba za su iya kiran kowa ba, don haka masu cutar kaɗai ake kira. Wanda aka gwada, kwana uku suka wuce bai ji kira ba, lafiyarsa ƙalau.

Ba ta ƙwanƙwasa ba ta tura ƙofar ofishin Dakta, shugabansu. Yana zaune takunkuminsa a haɓa, idanunsa jawur, yana kallon allon da ake rubuta adadin sababbin kamuwa na kowace rana.

"In ba adadin yau kika kawo ba, koma."

Ta ajiye masa fom ɗin. Ya karanta, ya juya bayansa, ya sake karantawa. Ta faɗa masa abin da mai gadin maƙabarta ya ce. Dakta ya cire tabarau ya murza ido.

"Wa ya sani?"

"Ni da kai."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe. "Dakta, mota nake so da masu bin sawu. Da kayan gwaji. Mutumin nan mai aski ne, kwana goma sha biyu ba wanda ya ce masa komai."

"Da wace lambar fayil zan ba ki mota?"

"A buɗe masa sabuwa."

"Kin fi ni sanin kwamfutar nan. Ba ta karɓar mamaci sau biyu. Sabuwar lamba sai da sabon samfuri, shi kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Saura fom ɗin gyara, a tura hedkwata, mako biyu kafin su waiwaye mu. Kin san tambayar farko a fom ɗin gyara? Sunan ma'aikacin da ya yi kuskuren."

"Zan rubuta sunana."

"Rubuta mana. Su kore ki, su kawo min wanda bai san hagu da dama ba, mako biyun kuma yana nan daram." Ya nuna allon da tabaraun. "Dubi nan. Kwana shida a jere muna ƙasa da talatin. In yau ma aka samu haka, gobe a buɗe kasuwanni. Kin san mutum nawa ke kirana a rana suna kuka, ba don cuta ba, don yunwa? Ƙarfe huɗu zan miƙa adadi. Ba zan je in ce musu ƙidayarmu tana da rami ba."

"Ramin ai yana nan ko ba ka faɗa ba."

"Ƙanwata," muryarsa ta yi laushi, abin da ya fi faɗa ciwo, "na rasa ma'aikata uku a watan nan. Ni kaina ba zan iya tuna ranar da na kwana a gidana ba. Wanda ya mutu ya mutu. Mayar da takardar nan inda kika ɗauko ta. Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Ya tura mata fom ɗin. Ta ɗauka, ta ninke shi huɗu. Ta wuce kwalayen ba ta kalle su ba, ta ɗauki jakarta da dunƙulen takunkumi guda ashirin da ke cikin aljihun teburinta. Ɗaya daga cikin masu waya ta ɗaga kai.

"Jan Biro, ina zuwa da rana tsaka? Ko angonki ne ya matsa?"

Ta sa kai ta fita.

Bas ɗin ma'aikata ta hau, kujera ɗaya da mutum, ɗaya babu. Shaguna a garƙame hagu da dama. Ta sauka a bakin unguwar, ta tambayi mai sayar da ruwa gidan mai askin da ya rasu. Ya nuna mata wani dogon bene da ya sha jiki, fentinsa duk ya ɓare.

Tun daga hawa na biyu ta fara cin karo da takalma. Ƙirga ta zame mata jiki, ba ta san lokacin da ta fara ba. Kafin ta kai ƙofa ta samu ƙafa arba'in da ɗaya. Falon ɗan ƙarami ne, mata a cunkushe gwiwa na gogar gwiwa, maza a baranda, kofin ruwa ɗaya na zagayawa. Masu takunkumi ba su fi biyar ba.

Wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura ya hango katin aikin da ke rataye a wuyanta, ya taso ya tare ƙofa.

"Lafiya, Malama?"

"Gaisuwa na zo. Allah ya jiƙansa. Kai ne…"

"Wansa ne. In ƙidayarku ce ta kawo ki, kin yi ɓatan hanya. Ƙanina ba da cutarku ya mutu ba. Ku kuka gwada shi, ku kuka wanke shi. Kada ki zo ki shafa mana baƙin fenti a unguwa."

"Yaya, bar ta ta shigo," in ji wata murya daga ciki. "Baƙuwa ce."

Matar mamacin na zaune a ƙasa, bayanta a jikin gado a uwar ɗaka, wata 'yar yarinya na barci a cinyarta. Kusa da ita wata tsohuwa na kwance ta juya wa mutane baya. A gefen gadon jakar aski ce ta baƙar fata, an zuge ta, an ɗora tawul a kai. Jan Biro ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi gaisuwa. Kafin ta haɗa kalmomin da ta yi ta shiryawa a bas, matar ta riga ta.

"Daga wurin masu gwajin kike? To ki kai musu godiyata. Wallahi kun rufa mana asiri. Kin ga maƙwabtanmu na ƙasa, da aka ce cutar ce ta kashe tsohonsu, ko kare bai leƙa su ba. Mu kuwa dubi jama'a."

"Ya aka yi ya je gwajin?" in ji Jan Biro.

"Shi ya kai kansa. Zazzaɓi kaɗan ya ji, ya ce shi mai taɓa kan mutane ne, ba zai ɗauki alhakin kowa ba. Da ya dawo, baranda ya koma da tabarmarsa. Kwana uku cur. Abinci a bakin ƙofa nake ajiye masa. Yarinyar nan ta yi ta kuka tana miƙa masa hannu, ya ƙi ɗaukar ta. Wayar kuwa a kan ƙirjinsa take kwana, ko banɗaki zai shiga da ita yake shiga. In ta yi ƙara sai ka ga ya zabura, ashe abokin ciniki ne." Ta yi ɗan murmushi, hawaye na bin kumatunta. "Rana ta huɗu ya yi wanka, ya shigo ya sunkuci yarinyar nan yana juyi da ita, ya sumbaci goshin tsohuwarsa. Ya ce, uwargida, hukuma ta wanke ni, ɗauko min jakata."

"Ya koma aiki?"

"To me za mu ci? Shago a rufe, sai ya riƙa bin mutane gida-gida. Tsofaffi sun fi kiransa, hannunsa da sanyi. Kwana biyar ya yi yana fita, tari ya dawo. Na ce mu je asibiti. Ya ce Allah ya kiyaye, ya je inda masu cutar suke ya kwaso abin da ba shi da shi?"

Tsohuwar da ke kwance ta yi tari, dogo, mai fita daga can ƙasan ƙirji. Matar ta miƙa hannu ta shafa mata baya.

Da Jan Biro ta tashi a lokacin, ta ce Allah ya ba da haƙuri ta sauka bene, babu mai tare ta. Ta zuge jaka, ta warware takardar, ta ajiye ta a kan tabarma.

"Yana da cutar. Tun ranar farko. Ga sakamakon."

Matar ta dubi takardar, ta dube ta. "Ai ba a kira ba."

"Ba a kira ba."

"Wannan jan layin fa?"

"Akwai wani mai irin sunansa a unguwar nan, tela. An ɗauka mutum ɗaya ne, sai aka soke nasa."

"Aka soke." Wan mamacin ne a bakin ƙofa, ashe yana ji. "Wa ya soke? Aljani?"

"Ni ce."

Ya yi kanta, wasu maza biyu suka riƙe shi. "Ke ce? Kuma kika iya hawo benen nan da ƙafarki? Allah ya isa! Kun kashe shi da biro, yanzu kin zo ki kashe mu da baki!"

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta sa yatsa a kan lambar wayar da ke jikin fom ɗin.

"Wannan lambarsa ce. Kin gan ta ranar?"

"Na gani."

"Da kin kira, minti nawa zai ci miki?"

Jan Biro ta ɗauke takardar daga kan tabarma.

Maganar kuwa ta riga ta fita falo. Sai ga motsi, kamar an watsa wa kaji ruwa. Wata ta ce cutar ce, wata ta ce motar killacewa na hanya, kofin ruwan ya faɗi ya gangara. Jan Biro ta miƙe da gudu, ta tsaya a kan matakala ta buɗe hannuwa.

"Don Allah ku tsaya! Ba mai kama kowa! Suna da lambar waya kawai! Baba, tsaya, ga takunkumi! Inna, don girman Allah, gidanku da jikoki?"

Suka bi ta gefenta, suka bi ta ƙarƙashin hannunta. Wani ya bangaje ta har katinta ya tsinke. Wasu ko takalman ba su tsaya sawa ba, a hannu suka kwashe. Cikin minti uku bene ya yi tsit. Ta dubi bayan fom ɗin inda ta yi ta rubutu a tsaye. Suna tara ta samu, biyu daga ciki ba lamba.

Ta koma ciki don babu inda za ta je. Wan mamacin na zaune a baranda ya haɗa kai da gwiwa. Matar ta kwantar da yarinyar, ta buɗe jakar askin, ta ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure bayanta da roba. Ba ta miƙa mata a hannu ba, a ƙasa ta ajiye ta tura da ƙafa.

"Duk wanda ya aske, sai da ya kira shi tukuna. Ba don ke ba. Don shi, da ya ce ba zai ɗauki alhakin kowa ba."

Kira sittin da uku cikin kwana biyar. Bai ajiye kowa da sunansa ba: Mai Sanƙo, Tsohon Soja, Baban Tagwaye, Ba Ya Son Reza. Jan Biro ta zauna a bakin ƙofa ta fara daga sama.

Mai Sanƙo yana asibiti tun shekaranjiya, an sa masa iska. Tsohon Soja ya zage ta tas, ya ce a gaya wa gwamnati ya ga abin da ya fi tari, ya kashe. Lamba ta uku ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta huɗu wani saurayi ne ya ɗauka, ya ce, "Baba ya rasu ranar Talata. Wa ke magana?" Ta tambayi cikakken sunan. Ta san shi. Da kunnenta ta ji an karanto shi daga maƙabarta, ba ta same shi a jerinta ba, ta rubuta shi a gurbin sauran cututtuka.

Ta kira Dakta sau uku. A na ukun ya ɗauka.

"Ina da mutum sittin da uku, da wasu tara, da tsohuwa mai tari a gabana. Motar asibiti kawai nake roƙo."

"Ina cikin taro," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki ce su kai ta da kansu. In an gwada ta, ta samu lamba, sai mu bi."

Tana kan lamba ta goma sha tara rediyon wani maƙwabci ya buga ƙarfe huɗu. Sababbin kamuwa ashirin da bakwai. Gobe da safe kasuwanni a buɗe. Titi ya ɗauki sowa, masu babura na ta danna oda, wata mata a benen da ke kallon nasu tana buga murfin tukunya. Matar mai askin ta tashi ta rufe taga, ta dawo ta ɗora hannu a goshin 'yarta. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Jan Biro ta gani, ta sunkuyar da kai ta danna lamba ta ashirin.

Sai ga takun manyan takalma a matakala, da sallama mai ƙarfi. Wani mutum ne cikin kakin gandirobobi, hular kwano a hammata, yana haki saboda hawan bene. Ya dubi Jan Biro a zaune da waya biyu a cinya, ya ɗauka 'yar gida ce.

"Sannu, Hajiya. Nan ne dai gidan mutumina mai aski, ko? Kai, benen nan naku sai mai rabon wahala."

"Kana cikin masu kiransa a waya?"

"Ni? Ina ruwana da waya, a hanya nake tsintar sa in goya shi a babur. Makon jiya kwana biyu ya yi mana a gidan yari, ya sauke kai ɗari da wani abu, ya ce zai dawo ya ƙarasa, shiru." Ya juya gefe ya yi tari a tafin hannu, ya goge a wando. "Oga ya ce ko a kafaɗa in kawo shi gobe. Zazzaɓi ya cika mana ɗakuna, mai ba da maganinmu ya ce zafi ne da ƙwarƙwata, a aske kowa."

"Mutum nawa ne a gidan?"

"Na gini ko na gaskiya? An gina shi don mutum ɗari uku. Yau da safe dubu da ɗari biyu muka ƙirga." Ya leƙa falon, ya ga tabarmi a baje, da kofi a ƙasa, da takalmi wari ɗaya da wani ya bari. "Wai ina ya shiga ne? Ko barci yake?"